Amsa ga ƴar'uwar da ta tambayi fulogin ɗin da za ta sa wa shafinta na girki

Wa alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki tun jiya da daddare amma ba wuta a unguwarmu waya ta mutu, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin buɗe shafin girke-girke a WordPress, manhajar nan ta gina shafi, wata huɗu kenan, yana nauyin buɗewa, mutane ba sa shigowa, kuma wani ya turo miki jerin fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, ashirin da wani abu ya ce ki sa su duka, shine kike tambaya wanne za ki fara da shi, kuma wa za ki nema idan abu ya lalace. Toh ni dai ba injiniya ba ne, shekara takwas dai nake fama da nawa shafin na harkar noma da kiwo, kuma kusan duk abinda zan faɗa miki sai da na ji a jikina kafin na koya.

Wannan jerin da aka turo miki ki ajiye shi gefe tukuna. Kowane fulogin da kika sa kaya ne kika ɗora wa shafin, kuma ba ke za ki ɗauki kayan ba, mai karatu ne zai ɗauka da datarsa. Ki tuna su waye masu karanta ki. Mace ce a kicin, waya a hannu ɗaya ludayi a ɗaya hannun, ta saka datar ɗari biyu ko ɗari biyar, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wataƙila ma da Opera Mini ta shigo. In shafin ya tsaya yana juyi wallahi ba za ta jira ki ba, TikTok za ta koma. Ni akwai lokacin da fulogin ɗina suka kai talatin, har da wani mai zubo ƙanƙara a fuskar shafi, a Zariya fa, cikin watan Afrilu. Yanzu guda bakwai ne kuma shafin ya fi lafiya.

Tunda girki kike yi ina da yaƙinin nauyin nan daga hotuna ne. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai mega uku ko huɗu, ke kuma a rubutu ɗaya na yadda ake dambun shinkafa kin sa goma, kinga mai karatu sai ta ƙona mega talatin kafin ta ga ƙarshen girkin. Kafin ki ɗora kowane hoto ki shiga Squoosh a burauza, shafin matse hoto ne na kyauta, ki rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ki matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 150, ido ba zai ga bambanci a waya ba. In za ki iya ki mayar da shi WebP ma ya fi, wani tsarin hoto ne mara nauyi, WordPress na karɓarsa tun fitowar 5.8 a 2021. Waɗanda kika riga kika ɗora kuma sai ki sa fulogin ɗin Smush ko ShortPixel ya bi su ya matse, guda ɗaya fa, ba duka biyun ba. Bidiyo kuwa kar ki kuskura ki ɗora shi kai tsaye a hostin ɗinki, wato inda aka ajiye miki shafin, ki kai YouTube ki ɗauko linkin ki manna. Bayan kin gama ki sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ki duba ɓangaren waya, shi ne naki, makin kwamfuta ba ruwanki da shi sosai.

Sai rigar shafin, wato tim. GeneratePress ko Astra ko Kadence, na kyautarsu ma ya ishe ki, ba su da nauyi. A nan zan ɗan tsaya saboda a nan na sha wuya. Akwai masu yawo a guruf-guruf suna sayar da tim da fulogin na kuɗi a dubu ɗaya ko biyu, wai an cire musu lasisi. Na taɓa saya, ina ta murna na samu banza. Bayan kamar wata biyu wani abokina ya kira ni ya ce Malam yaushe ka fara tallan caca? Ashe duk wanda ya shigo daga Google sai a wuce da shi wani shafin caca, ni kuma in na shiga ta dashbod, wato wurin da mai shafi ke sarrafa shi, ba na ganin komai, lafiya lau, saboda haka aka tsara abin, ya ɓoye wa mai shafi. Na rubuta wa kamfanin da nake hostin a wurinsu a lokacin, kwana uku ba amsa, da suka amsa suka ce ajiyar da suke da ita ta kwana bakwai ce kawai kuma ita ma cutar ta shige ta. Haka na goge komai. Rubutu sama da ɗari, wasu na tsinto su a Wayback Machine, shafin da ke adana kwafin tsofaffin shafuka, ɗaya bayan ɗaya ina kwafa, wasu sun tafi kenan har yau. Araha dai ba ta ado, na yarda.

Shi ya sa in kin ce in zaɓa miki fulogin ɗaya tak, UpdraftPlus zan ce. Ki haɗa shi da Google Drive ɗinki ya riƙa kwafe shafin gaba ɗaya duk sati, kuma lokaci-lokaci ki leƙa Drive ɗin ki tabbatar fayil ɗin na nan da gaske, don na san wanda ya sa shi shekara guda ashe bai taɓa kammala haɗawar ba. Bayan shi sai na tsaro, Wordfence nake amfani da shi, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma in sunan shigarki admin ne ki canza yau ɗin nan. Na sharar kwament akwai Akismet ko Antispam Bee. Na saurin buɗewa kuma ki tambayi masu hostin ɗinki wace manhajar sabar suke amfani da ita, sabar ita ce kwamfutar da shafin ke zaune a kai, in LiteSpeed ce ki sa LiteSpeed Cache, in ba ita ba WP Super Cache ya wadatar. Shi ma ɗaya, in kin haɗa biyu faɗa suke yi shafin ya hargitse.

Yanzu maganar da ta shafe mu masu rubutu da Hausa wadda ba za ki ji ta a bidiyon Indiyawa da Turawa ba. Za ki sa Yoast SEO ko Rank Math, toh suna da amfani, suna haɗa miki taswirar shafi da za ki miƙa wa Google Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, suna ba ki wurin rubuta take da ɗan bayanin da ke fitowa a bincike, da hoton da zai bayyana in an tura linki a WhatsApp ko Facebook. Amma wannan fitilar ja da kore da suke kunnawa kan ko rubutu ya yi daɗin karantawa, kar ki bari ta ɗaga miki hankali, ba da Hausa aka gina ma'aunin ba. Na ɓata watanni ina karya jimlolina don fitila ta koma kore, rubutun ya dawo kamar fassarar takardar magani. Ki rubuta yadda za ki koya wa ƙanwarki girkin a baki kawai.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A Gboard, allon rubutun waya na Google, in kin ƙara Hausa za ki same su. Matsalar ita ce ba kowane salon rubutu ne ke da su ba, sai ki ga kalma kamar ƙosai harafin farko ya fito daban da sauran, ko akwati ya fito a wurinsa. Noto Sans na da su, Andika ma haka. Kuma ki riƙa gyara adireshin kowane rubutu da hannu kafin ki wallafa, ki cire lanƙwasar a nan kaɗai, don in kin bar ƙ a ciki, lokacin da aka kwafi linkin sai ya koma %C6%99, linki ya yi tsawo ya yi muni mutane su ɗauka na ƴan damfara ne. Dama yawancin masu bincike ba sa sa lanƙwasa, kosai za su rubuta. Search Console zai nuna miki ainihin kalmomin da aka buga aka same ki, ni a nan na gane mutane maganin kwarkwatar kaji suke nema ba dogon sharhina kan tsarin noma ba, abin ya ɗan yi min ciwo amma na gyara.

Ban sani ba ko da niyyar AdSense kika buɗe, wato tallan da Google ke sawa a shafi ya biya mai shafin, in haka ne gara ki ji tun yanzu, Hausa ba ta cikin jerin harsunan da suke karɓa lokacin da na nema, kuma ko an karɓe ki sai kuɗin sun kai dala 100 ake biya. Mai shafin girki ta fi samun alheri a tallan masu kayan ƙamshi da yaji da kayan kicin, ko ajin koyar da girki, ko odar abincin biki. Ki sa maɓallin WhatsApp a ƙasan kowane rubutu, linkin wa.me kawai ya isa ba sai da fulogin ba, ki buɗe tashar WhatsApp ki riƙa tura sabon rubutu can. Nawa masu karatun mafi yawa ta nan suke zuwa ba ta Google ba.

Maganar wanda za ki nema in abu ya lalace. Kafin ki biya kowa ki fara kashe fulogin ɗin duka ki riƙa kunna su ɗaya-ɗaya, sau da yawa a nan za ki kama ɓarawon. In shafin ya ƙi buɗewa kwata-kwata ki duba imel ɗinki, WordPress kan turo linkin shiga na gaggawa ya kuma faɗi wanda ya jawo matsalar. Kowane fulogin kuma yana da sashen taimako a wordpress.org inda masu shi ke amsawa kyauta, da Turanci dai. Hostin ki zaɓi wanda za ki biya da naira kuma ki gwada tura musu tambaya kafin ki biya ki ga awa nawa za su yi, don tun da aka saki naira a 2023 masu biya da dala sun ji jiki wajen sabuntawa. Takardar tsaro ta https kar wanda ya sayar miki, Let's Encrypt kyauta ce.

In kuma dole sai kin ɗauki mai gyara, ki buɗe masa nasa asusun daban a shafin, in ya gama ki goge. Sannan dan Allah ki duba da sunan wa aka yi rajistar domen ɗinki, wato sunan adireshin shafin, ko .com ne ko .com.ng na NiRA, masu kula da adireshin .ng, ya zama imel ɗinki ne da lambarki a kai. Wata baiwar Allah da na sani yaron da ya haɗa mata shafi da imel ɗinsa ya yi rajista, ya tafi hidimar ƙasa ya canza layi, lokacin sabuntawa ya zo ya wuce ba ta sani ba, sunan da ta shekara uku tana tallatawa ya faɗa hannun wani.

Ki turo sunayen fulogin ɗin da ke kan shafin yanzu da sunan tim ɗin, banda kalmar sirri fa, ita kar ki ba kowa ko ni ne. In na dawo daga gona da yamma zan duba in nuna miki waɗanda za ki cire.