Tambaya da Amsa: Shurin Bindigar Farauta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bindiga mai baki ɗaya, lamba 12, da takardarta. Duk ranar da na fita da ita sai kafaɗata ta kwana da tsami, amma mai baki biyu ta yayana ba ta yi mini haka, alhali harsashi iri ɗaya muke sa musu. Ko tawa ce ke da aibu? *Wani maharbi daga Kurna*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da wuya a ce aibu ne, rashin nauyi ne. Ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ya turo bindiga baya, kuma lissafinsa ba wuya. Harsashin lamba 12 (lambar tana nuna faɗin bututun bindiga) na yau da kullum yana ɗauke da dalma giram 32, tana fita da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa. Bindiga mai kilo 3.2 za ta dawo kafaɗa da gudun mita 4 a daƙiƙa, mai kilo 2.6 kuwa kusan mita 5. Bambancin giram 600 ɗin nan kaɗai yana ƙara zafin shurin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ta yayanka ƙarfe biyu take ɗauke da shi, shi ke shanye dukan.

Mafi sauƙin magani ka koma harsashi mai giram 28. Abin da zai rage maka ya kai kusan abin da rashin nauyin ya ƙara, kuma ga zabo da fakara ya wadatar. Sannan ka duba robar gindin ƙota. Zafin Kano yana busar da ita ta koma kamar katako; in ka danna da babban yatsa ba ta lotsa ba, a sauya ta. Riƙo ma da nasa: gindin bindiga ya zauna daram a lungun da ke tsakanin ƙirji da kafaɗa, ba a kan dantse ba, kunci ya kwanta a ƙota, ƙafar hagu gaba ga mai harbi da dama, jiki ya ɗan rusuna. In ka bar tazara ko ta yatsa ɗaya ce, bindigar ta sami filin ɗaukar gudu kafin ta same ka.

Abu ɗaya kada ka ƙetare: karanta tsawon ɗakin harsashi da aka buga a jikin ƙarfen. In an rubuta 70, wato milimita 70, kada ka sa harsashi mai 76. Zai shiga lafiya lau, don tsawon da ake nufi na bayan ya buɗe ne, amma wurin buɗewar ne zai matse, matsi ya hau.

Tambaya: Ina ganin manyan bindigogin harbin ɓauna a bidiyo, irin su .375 da .458 (lambobin kaurin harsashinsu ke nan). Da gaske suna iya karya kafaɗa? *Wani ɗalibi daga Kabuga*

Amsa: Ga mai riƙo daidai, a'a. Harsashin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, yana jefa kai mai giram 19 da ɗoriya da gudun wajen mita 770 a daƙiƙa, shurinsa kusan ninki biyu na .30-06, wani matsakaicin harsashin farauta. Na .458 Winchester Magnum, na 1956, kansa giram 32 ne, shurinsa ya fi haka. Shi ya sa ake ƙera su da nauyin kilo 4 zuwa 5. Raunin da aka fi gani a gira yake: madubin saiti ya dawo ya tsaga ta, saboda an kusanto da ido bai kai tazarar santimita 9 ko 10 ba. Babbar illar kuma ba ta jini ba ce. Jiki ne ke koyon tsoro, mutum ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ƙara ta tashi, harbi ya nutse ƙasa.

Tambaya: Harsashi ya yi tsada. Wani ya ce in tara kwanso a sake cika mini, ko in farke harsashin zamani in ɗura albarushinsa a bindigar toka. Me kuka gani? *Wani mafarauci daga Dawanau*

Amsa: Baba, na biyun nan kada ka kusance shi ko da wasa. Baƙin albarushi na gargajiya da na cikin harsashin zamani ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Na zamani in aka toshe shi a rufe, matsi yana ƙara masa saurin ci, saurin cin yana ƙara matsi. Ƙarfen bindigar toka, wanda sau da yawa bututu ne maƙeri ya toshe wa gindi, ba a yi shi don wannan ba. Daga gindi yake fashewa, daidai inda fuska da hannun hagu suke.

Sake cika kwanso kuwa sana'a ce sananniya a Amurka, amma dubi yadda suke yin ta. Kowane irin albarushi da littafin awonsa, ana auna shi da sikelin da ke gane miligiram 6 ko 7, a fara daga ƙasa da iyaka da wajen kashi 10 cikin 100, a riƙa duba kowane kwanso ko ya tsage ko ya kumbura. Mai cikawa da cokali a bayan shago ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. In ya zarce, ƙarfe ya buɗe. In ya gaza, abin da ya fi yaudara ke nan: za ka ji ƙara ƙasa-ƙasa ba shuri, toshiyar harsashin ta maƙale a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a rufe. Duk sanda ƙara ta fita ba yadda ka saba ba, buɗe bindigar, cire kwanso, ka leƙa bututun ta baya sai ka ga haske zagaye. Haka ma bayan ta daɗe a jingine, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a bakin bindiga, musamman da damina.

Ga kuma doka. Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su, kuma lasisin riƙe bindiga bai ba ka wannan izni ba. Ita kanta bindigar toka, ikon wajabta mata takarda yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda a nan Kano ofishinsa yana Bompai.