Ciwon tiyata ya dawo bayan sallama: hukuncin sallah, tsarki da cewa "gara mutuwa"

TAMBAYA: Slm malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah a taimaka min, tiyata akayi min a ciki saboda taifot ta fasa min hanji, aka sallamo ni gida har na fara samun sauƙi ina takawa, sai na koma sallah a tsaye da sujada harda ɗaukan bokitin ruwa, yanzu ɗinkin ya buɗe yana fitar da ruwa da mugunya ga zazzaɓi. Kwanaki na daina sallah saboda ina ganin akwai najasa a jikina, kuma wlh akwai daren da nayi kuka nace gara mutuwa da wannan. Wasu a gida suna cewa rashin tawakkali ne, wasu sunce sammu ne. Shin fushi Allah yake dani? Ya zanyi da sallolin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya baka lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ne.

Kafin maganar sallah, yau ɗinnan ka koma asibitin da aka maka aikin, kar ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Ɗinkin ciki da ya buɗe yana mugunya ga zazzaɓi a kai ba abin jinya a ɗaki bane, ƙwayar cuta ce ta shiga wajen kuma tana iya wucewa cikin jini. Kar a shafa toka ko garin magani ko man gargajiya, kar kuma a siyo ƙwayoyi a kemis da ka. Annabi (SAW) yace ku nemi magani ya ku bayin Allah, hadisin Usama bin Sharik ne a Abu Dawud da Tirmizi, kuma a hali irin naka da ake jin tsoron halaka komawa wajen likita wajibi ne a kanka, saboda Allah yace kada ku kashe kanku a Suratun Nisa'i aya ta 29. Masu cewa sammu ne a tambaye su hujja, mutum an yanka cikinsa an ɗinke sannan ya ɗauki bokiti cike da ruwa, ai dalili gashi a fili, kuma wannan zargin ba abinda yake haifarwa sai gaba tsakanin dangi da jinkirin zuwa asibiti.

Toh batun sallah. Abinda yafi damuna a tambayarka shine ka tilastawa kanka abinda shari'a ta riga ta ɗauke maka, sannan da abin ya lalace sai ka ajiye abinda bata ɗauke maka ba. Imrana bin Husain yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW), yace masa yi sallah a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka, Bukhari ya ruwaito. Kuma rashin iyawa a wajen malamai ba sai mutum ya faɗi ƙasa ba, in tsayuwa ko ruku'u ko sujada zasu ƙara ciwon ko su jinkirta warkewa to wannan ma rashin iyawa ne, kuma maganar likitan da ya san aikinsa ana aiki da ita anan. Sujada tana naɗe ciki, tashi daga ita kuma yana sa ka yunƙura da naman cikin da aka ɗinke. Saboda haka ka zauna a kujera ko bakin gado, ka fuskanci alƙibla, ka sunkuyar da kai kaɗan don ruku'u, ka ƙara sunkuyawa fiye da haka don sujada, ba sai an ɗago maka matashi zuwa goshi ba. Ranar da zaman ma ya gagara kayi a kwance a gefen dama, ko rigingine ƙafafunka na kallon alƙibla. Sallar nan cikakkiya ce, ba zaka sake ta ba bayan ka warke.

Tsarki kuma, jini da mugunya da ruwan da suke fita daga ciwo basa karya alwala a mazhabar Malikiyya, haka ma wajen Shafi'i. Najasarsu kuma an yafe ta matuƙar da kansu suke fitowa kuma kiyaye su yana da wahala. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar bayan an soke shi yayi sallah jini na kwarara daga rauninsa. Kaga kenan bandejin da ya jiƙe ba uzurin barin sallah bane, in da hali a canja maka riga ko zanin gado, in babu kayi a haka. Alwala kayi ta yadda ka saba tunda ciki baya cikin gaɓoɓin alwala, a kawo maka buta da roba inda kake kar ka tsuguna. In wanka ya wajaba ka wanke inda ruwa bazai cutar ba, ka shafa hannu mai danshi a saman bandejin, in hakan ma zai kai ruwa ga ciwon ko zazzaɓi ya hana ka taɓa ruwa sai kayi taimama, a ajiye maka dutse ko ƙasa mai tsarki a faranti kusa da gado, kowace farilla da taimamarta. Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya, har cewa yayi mara lafiyan da bai samu mai miƙo masa ƙasa ba ya buga hannu a bangon da ke gefensa in na laka ne. Duk mai ce maka dole sai ka kwarara ruwa a jiki ka tuna masa da mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokansa suka ce basu ga sauƙi gare shi ba, yayi wanka ya mutu, Annabi (SAW) yace sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda basu sani ba. Abu Dawud ya kawo shi daga Jabir.

Sallolin da ka bari kana cikin hankalinka bashi ne, ka nemi gafarar Allah ka lissafa su iya saninka ka fara ramawa tun yanzu a yanayin da kake, a zaune ko a kwance, gwargwadon ƙarfinka, kar kace sai ka warke. Na ranar tiyata da allurar barci ta ɗauke ka ma ka haɗa dasu, shi yafi kuɓutar da kai.

Sai tambayar da nasan ita ke cin ranka, ko Allah na fushi da kai. Ba wanda yake da ikon ce maka haka, kuma nassi akasin haka yake nunawa. Ibn Mas'ud ya shiga wajen Annabi (SAW) ya same shi cikin zazzaɓi mai tsanani, yace masa ana min zazzaɓin mutum biyu daga cikinku. In koma-bayan jinya alamar fushi ne to me zamu ce da wannan? Kuma a Bukhari daga Abu Musa, idan bawa yayi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa irin abinda yake aikatawa yana lafiya yana gida, wato jam'in da kake jin kiransa daga kan gado kana hawaye, ladansa na shiga littafinka in dama ka saba zuwa. Kuka da nishi da faɗawa iyali ko likita cewa ina jin zafi duk basu kore haƙuri, Nana A'isha tace wayyo kaina, Annabi (SAW) yace a'a ni ne wayyo kaina. Annabi Ya'aƙub yace ina kai ƙarar baƙin cikina ga Allah ne kawai, Annabi Ayyuba yace cuta ta shafe ni kuma Kai ne mafi jinƙan masu jinƙai, Suratul Anbiya aya ta 83. Abinda aka hana shine tuhumar Allah a hukuncinsa. 'Yan gida masu maganar tawakkali su ji tsoron Allah, mai jinya rarrashi yake buƙata da a ɗauke masa bokiti.

Cewa gara mutuwa dai an hana, hadisin Anas ne a Bukhari da Muslim, amma a cikinsa aka bada madadi: Allahumma ahyini ma kanatil hayatu khairan li, wa tawaffani iza kanatil wafatu khairan li, wato ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce tafi alheri gare ni, ka ɗauki raina idan mutuwa ce tafi alheri gare ni. Kayi istigfari ya wuce, kalma ce da zafi ya fitar. Amma in tunanin yana yawan dawo maka, ko barci da cin abinci sun gagara, ko ka fara tunanin cutar da kanka, ka faɗawa likitan da wani na kusa da kai ba tare da jin kunya ba, damuwa bayan babbar tiyata sananniya ce kuma ana maganinta.

Idan zafin ya taso ka ɗora hannu kusa da wajen a saman riga, kace Bismillah sau 3, sannan A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau 7, kamar yadda aka koyawa Usman bin Abil As a Sahihu Muslim. Azumin nafila ka ajiye shi, in Ramadan ya riske ka a haka ka sha ka rama bayan likita ya yarje maka.

Wallahu a'alam.