Ƙwallon abirko da ake kira bitamin B17: a saya wa mai cutar daji ko a bari?

Wata baiwar Allah daga unguwar Bukoki, nan Yamai, ta rubuto tana cewa: "Likitoci sun gano mahaifiyata tana da sankarar mama, ita kuma tana tsoron a yi mata aiki. Wata mata a WhatsApp tana sayar da ƙwallayen ɗan itacen abirko da wasu ƙwayoyi masu suna bitamin B17, kwalba jika talatin, ta ce binciken masana ya tabbatar suna kashe cutar. In saya mata?"

Ƴar uwa, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki saya, kada kuma ki bari wani ya kawo mata ko da kyauta ne.

Abin da ke cikin wannan ƙwallo sinadari ne mai suna amigdalin, wanda ake samu a ƙwallon abirko da almon mai ɗaci da ƴaƴan cikin tuffa. Wasu masana biyu na Faransa, Robiquet da Boutron-Charlard, suka fara ware shi a 1830, kuma ba a jima ba aka gano cewa idan ya narke yana sakin gubar sayanid. Wannan guba tana hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa, shi ya sa wanda ta kama yake fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da sarƙewar numfashi, idan kuma ta yi yawa sai suma, wani lokaci har rasa rai. Shi kuwa sunan bitamin B17, wani Ba'amurke mai suna Ernst Krebs ƙarami ne ya laƙaba shi lokacin da yake tallata wani nau'insa da ake kira laetiril. Ba bitamin ba ne, kuma babu wata cuta da rashinsa ke jawo wa jiki.

Mai tallar ba ta yi ƙarya ba da ta ce an yi bincike, sai dai ta ɓoye miki abin da binciken ya gano. A shekarun 1970 jama'a a Amurka sun matsa lamba ƙwarai a gwada shi, har hukumar binciken cutar daji ta ƙasar ta ɗauki nauyin gwaji a asibitin Mayo da wasu cibiyoyi, ƙarƙashin jagorancin Dokta Charles Moertel. An ba marasa lafiya 178 wannan magani, aka fitar da sakamakon a 1982: bai warkar ba, bai tsayar da girman ƙari ba, bai ƙara wa kowa tsawon kwana ba, sannan an samu wasu da sayanid ya hau a jininsu har kusa da matakin da ke kisa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magunguna ta tace su, ta sake duba batun a 2015, ba ta samu wata hujja ingantacciya ta amfaninsa ba. Abin da masu talla suke yawan nunawa shi ne gwajin da aka yi a kan ƙwayoyin cutar cikin faranti a ɗakin bincike, alhali ruwan jabel ma yana kashe su a faranti, kuma babu wanda zai ba majinyaci ya sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake cewa a tauna ƙwallon ko a haɗiyi ƙwayar. Ta baki ya fi haɗari, domin ƙananan halittun da ke cikin hanji su ne suke farfasa sinadarin su saki gubar. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2016 cewa babban mutum zai iya wuce iyakar da ba ta cutarwa idan ya ci fiye da ƙananan ƙwallaye uku a zama ɗaya, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ya yi masa yawa. To, ina ga tsohuwar da ciwo ya riga ya raunana?

Jika talatin ɗin nan ki ajiye ta domin kuɗin mota da gwaje-gwaje. Akwai Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashin ƙari da haske a 2021. Ki raka Inna, ki roƙi likita ya zauna ya bayyana mata abin da aikin ya ƙunsa da harshen da take ji, domin sankarar mama tana cikin waɗanda ake samun nasara a kansu idan an tare ta da wuri, kuma kowane wata da aka ɓata a kan kwalba yana rage wannan dama.

Wani magidanci daga Tawa ya tambaya: "Ɗana ya haɗiye ƴaƴan tuffa, kuma na ji an ce rogo ma yana da irin wannan guba. Mu daina saye?"

Malam, ka kwantar da hankalinka. Ƴaƴan tuffa kaɗan da aka haɗiye ba tare da taunawa ba, ɓawonsu yana da tauri, yawanci haka suke fita. A dai riƙa cire su kafin a ba yaro. Rogo kuwa yana da wani sinadari ɗan uwan amigdalin mai suna linamarin, kuma ya fi yawa a rogo mai ɗaci. Ferewa da gurzawa da jiƙawa da tatsewa da suya su ne suke fitar da shi, don haka garin rogon da aka sarrafa yadda ya kamata ba abin tsoro ba ne. Ka sayi wanda ya soyu ya bushe ƙarau, ka hana yara cin ɗanyen rogo, wanda kuma aka dafa aka ji yana ɗaci a zubar da shi.