Kifa sabwufa a kan akwati yana ƙara ƙarfin bas?

Za ka ce ko juya sabwufa (sifikar da ke fitar da bas), maganaɗisu ya fito waje, zai ƙara ƙarfi. A'a, kusan duk ɗaya ne. Sai dai akwatin ya ɗan ƙara faɗin ciki, tunda maganaɗisun ya bar wurin da ya tare, kuma kwayil (naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sifikar) ya fi shan iska.

Inda ake yin kuskure shi ne wayoyi. Idan sabwufa biyu ne, ɗaya a kife take, ɗaya a daidai, musanya + da − na kifaffiyar, in ba haka ba za su cinye sautin juna, bas ya mutu. Duba kuma ramin akwatin: robar bakin sifikar kada ta gogi katako. Sa gaskit (zoben roba ko soso tsakanin sifika da katako), iska kada ta tsere.

Wasu sifikun sukan yi huci ta baya. Saurara kafin ka ɗaure sukurori.