Tambaya da Amsa: Karatun Diflomasiyya da Ƙungiyoyin Ƙasa da Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gama sakandare, burina in zama jakada. Idan na karanta diflomasiyya a jami'a, shi ke nan na kama hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kama hanya, amma digiri ba ya naɗa mutum jakada. Gwamnati ce ke naɗawa, kuma sai ƙasar da za a tura shi ta amince tukuna. Hanyar da aka fi bi ita ce shiga ma'aikatar harkokin waje, galibi ta jarrabawa, mutum ya fara daga sakatare na uku, ya hau na biyu, ya hau na ɗaya, ya zama mashawarci, ana tafiya shekara da shekaru. Ka kuma sani, a wurin jarrabawar za ka yi gogayya da waɗanda suka karanta shari'a, tattalin arziki, tarihi da harsuna. Sunan kwas ɗinka kaɗai ba zai fifita ka a kansu ba.

TAMBAYA: Ina aji ɗaya a wannan fanni. Ina haddace shekaru da sunayen ƙungiyoyi, amma makina ba ya tashi. Ina gizo ke saƙar?

AMSA: 'Yar'uwa, hadda tana da amfani. Dole ki san cewa yarjejeniyar Westphalia, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, ta 1648 ce, an kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da ƙasashe 51, yau kuma suna 193, sannan Tarayyar Afirka ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 2002. Sai dai malami yana neman ya ga kin gane yadda injin ke juyawa, wannan kuwa sai an karanta takardun asali.

Fara da Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Babi 19 ne, sashe 111, ana iya gama shi a zama biyu. Ki tsaya sosai a kan Babi na 6, mai magana kan sasanta rikici cikin lumana, da Babi na 7, wanda ya ba Kwamitin Sulhu ikon ƙaƙaba takunkumi ko yarda a yi amfani da ƙarfin soja. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sai ki ga an rubuta cewa wata ƙasa ta “karya” ƙudurin Babban Zaure, alhali yawancin ƙudurorin zauren shawara ce kawai. Hukuncin Kwamitin Sulhu ne sashe na 25 ya wajabta wa ƙasashe bi.

Haka lissafin ƙuri'a. Kwamitin yana da mambobi 15, biyar na dindindin: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ƙuduri na buƙatar ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin ta hau kujerar na-ƙi. Idan ta ƙaurace wa ƙuri'a kawai, ƙudurin na iya wucewa. Wannan ɗan bambanci ya kayar da mutane da yawa a jarrabawa.

Bayan kundin, ki ɗauki Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci. Sashe na 22 ya hana jami'an ƙasa mai masauki shiga ofishin jakadanci sai da izinin shugaban ofishin, na 29 ya hana kama jami'in diflomasiyya ko tsare shi, na 9 kuma ya ba ƙasar damar cewa ba ta son wani jami'i ba tare da ta faɗi dalili ba. Ƙaramin ofishin jakadanci, mai harkar biza da kula da 'yan ƙasa, yarjejeniyarsa daban ce, ta 1963, kariyar jami'ansa kuma ba ta kai waccan ba.

Ga aikin da muke so ki riƙe: kowane mako ki ɗauki ƙuduri ɗaya, ki taƙaita shi a shafi guda. Wa ya kawo shi, wa ya ƙi, me ya umarta, wa zai aiwatar. Rabin aikin ƙaramin jami'i ke nan, gajeren rahoto wanda shugabansa zai karanta cikin minti biyar ya yanke shawara.

TAMBAYA: Ina shekarar ƙarshe, ina son aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta ina zan fara?

AMSA: Ta harshe, ɗan'uwa. Harsunan majalisar shida ne: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, amma sakatariya, wato ofishin ma'aikatan da ke gudanar da ayyukan majalisar, da Ingilishi da Faransanci take aiki. Ka ƙware a ɗaya har ka iya rubuta rahoto da shi, ka ɗora na biyu. Gaisuwa kawai ba ta isa ba.

Akwai jarrabawar matasan ƙwararru, YPP. Sharuɗɗanta: digiri na farko, shekara 32 ko ƙasa da haka, kuma ƙasarka ta kasance cikin jerin waɗanda aka buɗe wa a wannan shekarar, domin jerin yana sauyawa. Idan ba ta wannan jarrabawa ba, sai neman gurbi kai tsaye a matakan ƙwararrun ma'aikatan majalisar: matakin P-2 yakan nemi digiri na biyu da gogewar shekara biyu, P-3 kuma shekara biyar. Horon sanin makamar aiki a sakatariya wata biyu ne zuwa shida, amma ka binciki batun alawus kafin ka nema, don kada kuɗin masauki ya tsayar da kai a tsakiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu gama karatu da “ilimin komai da komai”. Guraben aiki na neman takamaiman abu: dokar 'yan gudun hijira, ciniki, sauyin yanayi, ƙididdiga, sa ido kan zaɓe. Ka zaɓi guda, ka rubuta kundin kammala digirinka a kai, ka nemi aikin farko a kai ko da a ƙaramar ƙungiyar agaji ce.

Sannan ka yi hattara da 'yan damfara. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Duk saƙon da ya ce ka biya kuɗin fom, na horo ko na biza, ka goge shi, ka koma shafin guraben aikinta na intanet ka duba ko gurbin yana nan.