Tambaya da Amsa: Da gaske rana na tofar da wuta?

TAMBAYA: Salam Malam, na ga wani bidiyo a Facebook wai jikin rana ne, wasu harsunan wuta na ta tsiri suna komawa. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Kuma ko shi ya sa zafin Kano ya yi yawa haka? Daga wata ɗaliba, Gwammaja.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Abin akwai shi da gaske, sai dai ba wuta ba ce irin ta murhu, don babu abin da ke ƙonewa a can. Iska ce da zafi ya kai ta inda ƙwayoyinta suka rabu da lantarkinsu, ita ake kira filazma, kuma tunda tana ɗauke da caji to duk inda maganaɗisun rana ya ja ta nan take bi.

To jikin rana kullum cikin tafasa yake, wannan tafasar ke murɗe layukan maganaɗisun tana ja tana ja har su tsinke su sake haɗewa, sai su cilla filazmar sama kamar yadda robar danƙo ke cilla dutse. Ƙananan cikin waɗannan harsunan, waɗanda ake kira spicule, wani masani ɗan Italiya Angelo Secchi ya fara bayaninsu tun 1877. Guda ɗaya kan tashi kusan kilomita 10,000, wasu gudunsu ya kai kilomita 100 a daƙiƙa ɗaya, amma cikin 'yan mintuna sun mutu, kuma miliyoyinsu ne ke tashi a kowane lokaci wallahi abin akwai ban tsoro.

Inda ya fi ɗaukar hankalina shi ne fuskar rana zafinta wajen digiri 5,500 ne, amma iskar da ke can samanta ta haura digiri miliyan 1, wato kana nisa da ita zafi na ƙaruwa! Masana na zargin waɗannan tsirin na cikin masu kai zafin sama, shi ya sa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba na'urar IRIS sararin samaniya a 2013 tana leƙen wajen.

Batun zafin Kano kuwa babu ruwansu. A watan Afrilu rana tsaye take a kanmu, ga ƙasa ta bushe ga babu hadari. Manyan aman rana dai kan taɓa sadarwa da wutar lantarki, kamar yadda ya faru a Kebek ta Kanada a 1989 inda suka yi awa 9 babu wuta. Kuma don Allah kar ki ce za ki kalli rana da ido ki gani, makanta take jawowa.