Za a iya kiwon kifin tarkacen jirgi? Amsa ga masu kiwon kifi

Tambayoyi uku ne suka taru a gabana kan kifi ɗaya, don haka zan haɗa su. Ta farko daga wani mai kiwon tarwada ne da ya ji labarin wani ƙaton kifin teku mai saurin girma, wanda Turawa ke kira wreckfish. Yana so ya san ko zai iya zuba shi a tankunansa.

Malam, ba zai yiwu ba, kuma gara ka ji haka tun kuɗinka na aljihu. Kifin ruwan gishiri ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma manyansa suna zaune ne a cikin kogon duwatsu na ƙarƙashin teku, a zurfin da kan kai mita 600, inda ruwa ke da sanyi da duhu. Sunan nasa daga ɗabi'ar ƙananansa ya samo asali: suna yawo a saman teku suna fakewa ƙarƙashin katako da tarkacen jirage masu shawagi, sai sun yi ƙwari su nutse ƙasa. Shi ya sa nake ce masa kifin tarkacen jirgi. Masana suna kiran danginsa Polyprionidae. Na Tekun Atlantika yakan kai mita 2 da kilo 100, akwai hapuku na Niyu Zilan, akwai kuma wani ƙato a gaɓar Kalifoniya da ke wuce kilo 200.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Wata baiwar Allah ta ce ta ji ana kiwonsa a Turai, to me ya hana a riƙa sayar da 'ya'yansa kamar na sauran kifaye?

Hajiya, abin da kika ji yana da tushe. Ƙaramin da aka kamo daga teku yana saurin sabawa da tanki, yana karɓar abinci, kuma a wani gwaji a tsibirin Kirit na Girka ya tashi daga kilo 1 zuwa kilo 5 cikin wata 10. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta sa shi cikin shirin binciken kiwon sabbin nau'o'in kifi mai suna DIVERSIFY, daga 2013 zuwa 2018, inda masu bincike a Galisiya ta Sifen da na Girka suka yi aiki a kansa. A Niyu Zilan ma cibiyar binciken ruwa ta NIWA ta daɗe tana hayayyafa hapuku.

Matsalar tana wajen iri. Mai tarwada yana samun iyaye cikin shekara guda, ya matse ƙwai, ya ƙyanƙyashe. Wannan kifin kuwa a teku yakan kusan shekara 10 kafin ya balaga. Duba abin da hakan ke nufi: shekaru kana ciyar da dabba mai nauyin tunkiya, kana sanyaya mata ruwa, ba ka ga ƙwai ko ɗaya ba. Samo manya daga zurfi ma wuya gare shi. Matsin ruwa yana ƙaruwa da kowace mita 10 da aka nutsa, don haka idan aka jawo kifin sama da sauri, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura har ta turo tumbinsa waje ta baki. Idan kuma an dace an samu ƙwai, 'ya'yan sukan mutu da yawa a makonnin farko, daidai lokacin da gwaiduwarsu ta ƙare suka fara neman abinci da bakinsu. A nan masu bincike suka fi shan wahala. A ganina, duk kifin da irinsa bai wadata a maƙyanƙyasa ba, aikin cibiyar bincike ne, bai kai matsayin sana'a ba tukuna. Idan wani ya zo miki da tayin zuba jari a kansa, fara tambayarsa inda zai samo 'ya'yan, da kuma nawa ke rayuwa cikin ɗari.

Na uku ya ce to me zai hana a riƙa kamo ƙanana daga teku a yi musu kiwon turke a keji?

Ɗan'uwa, ban goyi bayan wannan ba. Ƙananan ba a samunsu da yawa, sai dai a ci karo da su. Kifin kuma yakan rayu sama da shekara 70, kuma mai jinkirin balaga irin wannan ba ya saurin mayar da gurbin abin da aka kwashe. An gani a Kalifoniya, inda kamu ya kusa ƙarar da ƙaton nasu har aka hana a 1982, kuma farfaɗowarsa tana tafiya a hankali. A gaɓar Karolina ta Kudu a Amurka an fara kamun na Atlantika a 1987, a 1992 hukuma ta raba wa masunta kason abin da kowa zai kama, ana kuma rufe kamun daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Afrilu domin lokacin zuba ƙwai ne. Kowane ƙaramin da ka sa a keji an cire shi ne daga cikin waɗanda za su zuba ƙwai nan da shekara 10.